Don Allah ina ne mutum zai je ya ga namun daji na gaske a Afirka, ba na keji ba?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa fita yawon ganin namun daji. Abin da ya jawo maganar shi ne da hutun sallah na kwashi yara na kai su gidan zu na garinmu, muna tsaye gaban kejin zaki yana kwance ko ƙuda ya kasa korewa, sai 'yata ta biyu mai shekara 9 ta kalle ni ta ce Baba wai wannan ne sarkin dawan da ake faɗa a tatsuniya? Wallahi na rasa amsar da zan ba ta.

To tun ranar abin yake cin raina. Ni kaina na haura 40, a Afirka aka haife ni a nan na girma amma ban taɓa ganin giwa tana tafiya da ƙafarta a daji ba sai dai a talabijin, alhali Bature zai taso tun daga ƙasarsu ya biya jirgi ya zo ya kalla ya koma yana ba da labari. Na ɗan tara wani abu ba mai yawa ba, kuma mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku, babban 13 ƙaramar 6.

Tambayata, ina ya kamata in dosa? Kenya kowa yake faɗa amma na ji an ce kuɗin ba na talaka ba ne. Sannan wane wata ya fi, da maganar tsaro, da abinci don ba na so in je inda za mu wuni da biskit saboda tsoron abin da aka yanka. Wanda ya je da ƙafarsa nake so ya yi magana don Allah, ba wanda ya gani a YouTube ba, wannan ni ma na gani.

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Malam kafin ka fara lissafin dala da biza bari in tambaye ka, ka taɓa zuwa Yankari? Don na lura mutanenmu da yawa sai su tsallake abin da ke bakin ƙofarsu suna hangen na nesa. Ni a ƙaramar hukumar da dajin yake aka haife ni, na shiga ya fi a ƙirga tun muna 'yan makaranta ana kwasarmu a bas.

Hanyar ba wuya, daga Bauchi ka ɗauki titin Gombe, in ka zo Dindima sai ka karya ka bi hanyar da za ta kai ka ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin dajin kafin ka isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Dajin babba ne fa, murabba'in kilomita 2,244, tun 1956 aka keɓe shi aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu, dorina, kada, ga tsuntsaye kala kala. Zaki ma akwai amma gaskiya 'yan kaɗan ne suka rage, ni duk zuwan da na yi sau ɗaya na ji gurnaninsa da asuba ban taɓa sa shi a ido ba, kada ka yi wa yarinyar nan alkawarin zaki.

Amma ga inda mutane suke yin kuskure, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe ko Yankari za ka ko ina za ka. Dabba ruwa take bi. In ka je da damina ko da kaka, ciyawa ta fi tsayin mota, kowane rami akwai ruwa a ciki, to me zai fito da giwa bakin hanya? Tana can tsakiyar daji ta ƙoshi. Sai mutum ya zo a watan Agusta ko Satumba ya zagaya awa biyu bai ga komai ba sai birai da zabi, ya koma gida yana cewa ai Yankari babu komai ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce malam, kai ne ka zo ba a kan lokaci ba. Ka bari sai ƙarshen Fabrairu, Maris har zuwa Afrilu, lokacin da ganye ya zube ciyawa ta kwanta ƙananan tafkuna duk sun ƙafe ba inda ya rage da ruwa sai kogin Gaji, to a nan komai yake taruwa, dole su sauko sha. Zafi kam za ka sha shi ba ƙarya, amma a zafin ne abin kallon yake. Kuma ka shiga motar safiya ta farko ko ta yamma bayan la'asar, da tsakar rana kowa yana inuwa har dabbobin.

Duk da haka ba na ce maka lallai sai ka ga giwa ba, daji ne ba keji ba, akwai ranar da za ku ci karo da garke guda suna tsallake hanya direba ya kashe mota ku yi tsit, akwai ranar da sai dai kashinsu da rassan da suka karya za ku gani. Shi ya sa nake ce wa mutane su yi kwana biyu ko uku ba su zo da safe su juya da yamma ba.

Sai Wikki, ruwan ɗumi ne da yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina dare da rana baya canzawa, garau kamar gilashi kana hango yashin ƙasa. Yara in suka shiga sai ka yi da gaske kafin su fito. Akwai kuma kogunan dutse da ake kira na Marshall da mutanen da suka haƙa a jikin dutse, a tambayi ɗan jagora ya kai ku.

Abu ɗaya, babu raƙumin dawa ko jakin dawa a Yankari, in su kake so akwai Sumu a nan Bauchin dai wajen Ganjuwa, inda aka zuba waɗanda aka kawo daga Namibiya. Abinci kuwa ai gida ne, ba sai ka tambayi wa ya yanka ba.

Maman Sadik ta rubuta:

Hhhh Ɗan Alkaleri ka faɗi komai amma ka ɓoye babban abin, gwaggon biran Wikki! Baban Ummi ka gaya wa uwargida kar ta kuskura ta fito da leda a hannu, mu da muka je na sauke kular dambu daga but na juya in ɗauko tabarma, kafin in waiwayo wani ƙato ya buɗe ta ya zauna yana ci da hannu biyu yana kallona kamar shi ya ba da kuɗin cefanen. Kuma sun raina mata da yara, in namiji ya daka tsawa sai su ja baya mu kuwa ko a jikinsu. A rufe ƙofar ɗaki da tagogi, a rufe gilashin mota. Gadu ma suna yawo a tsakanin ɗakunan sun durƙusa da gwiwa suna kiwo, su ba ruwansu da kowa. Mu a Afrilu muka je kuma mun ga giwaye a rana ta biyu, kwana ɗaya ban yi barci ba don murna.

Injiniya Mai Yawo ya rubuta:

Salam. Ni ban musa maganar Ɗan Alkaleri ba, a fara da gida daidai ne, amma gaskiya in ana maganar ganin dabbobi da yawa har ido ya gaji to gabashin Afirka daban ne, kada mu yaudari kanmu. Aiki ya kai ni Nairobi na wata shida na yi amfani da damar na shiga gandun dajin Masai Mara na Kenya sau biyu, na Amboseli sau ɗaya, daga baya na tsallaka Tanzaniya.

Bambancin shi ne yanayin ƙasar. Namu dajin bishiyoyi ne da duhuwa, dabba tana taku 20 daga kai ba ka ganinta. Nasu fili ne fetal na gajeriyar ciyawa har iyakar ganinka, sai bishiya ɗaya can ɗaya can, don haka zaki yana kwance kana hango shi daga nesa. Ranar farko a Mara kafin azahar na ga zakuna sun kai goma, jakin dawa kuwa har ka daina ɗaga waya, kamar awaki a ƙauye.

Abin da ya fi shahara shi ne ƙaurar wata dabba da masu Swahili suke kira nyumbu, kamar saniya ce siririya mai gemu da geza, kai kamar na ɓauna, ba ta da kyan gani sam. Sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi dubbai, suna zagaye tsakanin Serengeti ta Tanzaniya da Mara ta Kenya duk shekara suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa, sak yadda Fulani suke yin mashekari su gangara kudu da rani su dawo da damina, sai dai su ba mai kora. Wajen Janairu zuwa Maris suna kudancin Serengeti yankin Ndutu suna haihuwa, a 'yan makonni kaɗan ake zuba 'ya'ya dubu ɗaruruwa, kuraye da zakuna kuwa biki ya samu. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, a nan ne suke tsallake kogin Mara kadoji na jiransu a ruwa, wanda kuke gani a talabijin ɗin nan. To ka ga ita ma maganar lokaci ce, in ka je Mara a Afrilu ruwa ake shekawa hanya duk taɓo kuma nyumbun suna Tanzaniya. Kuma tsallaken ba shi da agogo, mun yi awa huɗu a bakin kogi suna taruwa suna kallon ruwa, ɗaya ya sa ƙafa ya fasa, ƙarshe duk suka juya suka tafi. Washegari wasu da muke masauki ɗaya suka je minti 20 da isarsu aka fara.

Yanzu maganar kuɗi wadda ita ce gaskiyar lamarin. Kuɗin shiga Mara kaɗai ga baƙo babba tun 2024 dala 100 ne a rana daga Janairu zuwa Yuni, daga Yuli zuwa Disamba dala 200, ban da mota ban da masauki ban da jirgi. Ka lissafa da canjin yau, ku biyar. Ni da ni ne kai da iyali, ba zan nace sai lokacin ƙaura ba, zan je Janairu ko Fabrairu, rani ne a can, zakuna da giwaye da raƙuman dawa suna nan ba inda suke zuwa, kuɗin ƙofa rabi, motoci ba su cika ba. Don a Agusta sai ka ga mota 30 sun kewaye damisa ɗaya, abin har ba daɗi.

Daga Nairobi zuwa Mara a mota awa biyar zuwa shida ne ta garin Narok, a hanya za ku tsaya a bakin wani gangare ku hangi babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka. In kuɗi ko lokaci ya yi kaɗan akwai gandun Nairobi a bakin birnin, tun 1946 yake, kana kallon karkanda da raƙumin dawa dogayen benaye suna bayansu, akwai zaki amma babu giwa. Giwa kuwa Amboseli, manya masu dogon haure, dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 a bayansu, amma da sassafe ake ganin kansa kafin gajimare ya rufe.

A Tanzaniya abin da ya fi tsaya min a rai Ngorongoro ne, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya rufta ya zama kamar ƙatuwar ƙwarya, zurfinsa wajen mita 600, ana gangarawa da mota, a ciki akwai zaki, karkanda, ɓauna, dorina, kura duk a wuri guda. Raƙumin dawa ne kawai ba za ka gani a ƙasan ba. Sanyi a saman wurin ba a magana, ni da na tafi da 'yar shara sai da na ari bargo, wai a Afirka kusa da tsakiyar duniya.

Abinci kar ka damu, Musulmi suna da yawa a Nairobi da Arusha, a Nairobi unguwar Eastleigh kamar kana Sabon Gari na 'yan Somaliya, ga masallacin Jamia a tsakiyar gari. A masaukin daji ka faɗa musu tun kafin ka zo, in ba ka natsu ba ka tsaya a kifi da ƙwai da wake. Jirgi akwai na Habasha da yake tashi daga Kano ya sauke ka Addis Ababa ka canza, ko na Kenya daga Legas kai tsaye. Katin allurar shawara dole ne, kowa da nasa har yara. Sannan ka yi hattara da 'yan ajan na intanet, wani ya taɓa karɓar min kafin alƙalami da sunan mota mai buɗaɗɗen sama, ranar tafiya ya turo wata ƙaramar bas da ta mutu mana sau biyu a hanya. Kada ka biya duka sai ka ga mota da idonka.

Af, kalmar safari ɗin ma da suke ta yayi, wato yawon kallon namun daji, daga Larabci take, safar, tushensu ɗaya da safara da muke cewa. Wani direba na gaya wa haka ya yi ta dariya.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni hwa tunda anka ambaci raƙumin dawa dole in sa baki. Ba sai an tahi Kenya ba, muna da su nan Nijar, kuma irin namu babu shi ko ina a duniya. A Kure suke, wajen kilomet 60 daga Yamai bisa hanyar Doso. Su ne na ƙarshe na irin Afirka ta yamma, launinsu ya hi na gabas haske. A da suna yawo tun daga Senegal har tabkin Cadi, har arewacin Najeriya akwai su, hwari da harbi da sare daji sunka ƙare su, a 1996 guda 49 kawai sunka rage. An tashi tsaye an kiyaye su yanzu sun wuce 600, har a 2018 anka ɗauki guda 8 anka kai gandun Gadabeji cikin jihar Maraɗi don kada a tara ƙwai a kwando guda.

Abin mamakin wurin shi ne ba gandu ba ne mai shinge, cikin gonakin mutane suke. Za ka ga manomi Bazabarme yana aikinshi raƙumin dawa na tsaye bayanshi yana cin ganyen gawo, yara na kiwon awaki ba mai kallon wani. Sai dai suna ɓarnar wake da mangwaro, manoma na kuka da wannan. Da damana suna bisa tudun Kure, da rani su gangara kwarin Dallol Boso. Ana ɗaukar ɗan jagora a bakin hanya shi shiga motarku, shi hau sama yana hange har a same su, sannan ku sauka ku taka da ƙahwa ku matsa kusa. Ni sanda munka je har ƙwayar idonsu da gashin ido nike gani.

Amma Baban Ummi zan gaya maka gaskiya tsakani da Allah tunda da iyali za ka. A watan Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Tun sannan harkar baƙi ta ja baya. Haka gandun W da ke iyakarmu da Benin da Burkina, wanda a da nan ne wurin giwa da zaki na yankinmu, yanzu ba wurin zuwa ba ne. In kana da ɗan uwa a Yamai ka tambaye shi halin da ake ciki a satin da za ka taho, kada ka dogara da labarin bara.

Ɗan Zangon Kumasi ya rubuta:

Masu gida ku yi haƙuri ku sa Gana cikin lissafi. Mole yana arewa kusa da Damongo, shi ne gandu mafi girma a ƙasar, daga Tamale kamar awa uku a mota. Ba ka buƙatar biza, fasfon ECOWAS ya isa, kuma a Tamale in ka yi Hausa za a amsa maka a kasuwa da tasha, abinci ga waace ga tuwon zafi. Abin da ya bambanta Mole, ana shiga da ƙafa, ma'aikaci da bindiga yana gaba ku kuna binshi da sassafe har ku tsaya kuna kallon giwa yana wanka a tafki, ba gilashin mota a tsakaninku. Masaukin ma a kan tudu yake tafkin yana ƙasa, kana shan shayi kana kallonsu. Disamba zuwa Afrilu ne lokacin. Zaki kam ka cire rai. A bakin hanyar akwai Larabanga da tsohon masallacin ƙasa fari mai itatuwa a jiki, a tsaya a gani. Yarinya mai shekara 6 dai ban ba da shawarar tafiyar ƙafa ba, ku ɗauki mota.

Malam Na Gandu ya rubuta:

Na karanta duka, kowa ya yi ƙoƙari. Ni aikin gandun daji na karanta, bari in ƙara wurare biyu uku da ba a ambata ba, ba don Baban Ummi ya je bana ba sai don a san da su.

Na farko Zakuma a kudu maso gabashin Cadi kusa da Am Timan. Wannan wurin labarinsa yana ba ni tausayi yana kuma ba ni ƙwarin gwiwa. A 2002 giwayensa sun kai 4,000, mahaya dawakai masu neman haure suka dinga shigowa suna karkashe su, zuwa 2010 saura wajen 450, har giwayen suka daina haihuwa saboda firgici, sun dunƙule garke ɗaya suna gudu kullum. A shekarar ne gwamnatin Cadi ta damƙa wa ƙungiyar African Parks kula da shi, aka gyara tsaro aka jawo mutanen ƙauyukan kewaye a jiki, kisan ya kusa tsayawa cak, suka koma haihuwa yanzu sun haura 500. Da damina ruwa yake shanye dajin a rufe shi, sai rani, kuma a Maris da Afrilu abin da ke taruwa a bakin fadamun, ɓauna da raƙuman dawa da gauraka da tsuntsayen jan baki miliyoyi, masu zuwa suna cewa ko gabashin Afirka albarka. Nisa ne matsalar daga Njamena. Waza ta Kamaru da iyayenmu suke ba da labari tana nan ita ma kusa da iyakar Borno, amma rikicin Boko Haram ya kashe mata kasuwa tun wajen 2013.

Na biyu gorilar tsauni, wato ƙaton birin nan, wadda ba ta ko ina sai tsaunukan da ke tsakanin Ruwanda da Yuganda da Kwango, duka duniya sun ɗan haura 1,000. A Ruwanda takardar izinin baƙo dala 1,500 ce, a Bwindi ta Yuganda 800, mutum takwas ake bari su je wa iyalin gorila ɗaya a rana, awa ɗaya tak za ku yi da su, kuma ba a yarda da wanda bai kai shekara 15 ba, ko mura kake ba za a bar ka ba don suna kamuwa da cutarmu. To ka ga wannan ba taku ba ce yanzu. Mu ma fa muna da tamu gorilar a Kuros Riba, ba su kai 300 ba, sai dai ko masu bincike da kyar suke ganinsu. Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, ta Serti ake shiga, akwai birin nan cimfanzi da dutsen Chappal Waddi mafi tsayi a ƙasar, amma wurin masu hawan dutse ne da jakar goyo ba na yara ba.

Kudancin Afirka kuma, gandun Kruger a Afirka ta Kudu yana da daɗi saboda titin kwalta ne a ciki kana iya hayar ƙaramar mota ka tuƙa kanka, Mayu zuwa Satumba, sai dai bizar ce aiki ga mai koren fasfo. Botsuwana ta fi kowace ƙasa yawan giwa, wajen 130,000, a kogin Chobe a jirgin ruwa ake kallonsu suna iyo hancinsu a sama.

Wani abu da nake roƙo, duk inda kuka je kada a ba dabba abinci, biran da Maman Sadik take kuka da su mu muka lalata su da miƙa musu biredi. Kada a sa baƙaƙen kaya ko shuɗi mai duhu inda akwai ƙudan tsando, yana bin su. A sha maganin zazzaɓin sauro, a nemi madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne yara su dinga karɓa karɓa. Kuma kada a sayi komai na haure ko fatar damisa a hanya, a filin jirgi ɗauri ne.

Baban Ummi ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Jiya da daddare na karanta wa uwargida duka, da muka zo kan kular dambu sai da ta yi hawaye don dariya. Na buga lissafin Injiniya a kalkuleta, kuɗin ƙofar Mara kaɗai na kwana uku ya sa na ajiye wayar na sha ruwa. Abin da muka tsayar shi ne Yankari a ƙarshen Maris in Allah ya kai mu, kwana uku, mu biya ta Sumu a dawowa saboda raƙumin dawa. Kenya kuma na buɗe mata asusu daban, ko ni da babban yaron ne ma je wata shekarar a Fabrairu. Ita mai tambayar zakin na gaya mata gaskiya cewa ba lallai mu gan shi ba, ta ce to ko kukansa ne a tashe ta ta ji.

Ɗan Alkaleri saura tambaya ɗaya, motata ƙarama ce Corolla, za ta kai ni har Wikki ko sai na nemi babba? Kuma ana shiga zagayen da motar mutum ne?

Ɗan Alkaleri ya rubuta:

Za ta kai ka har sansanin da rani ba matsala, ka dai cika tanki tun daga Bauchi kuma ka shiga ƙofa da sauran rana kar magariba ta same ka a hanya. Zagayen cikin daji kuwa bar Corollarka ta huta a inuwa, akwai yashi da ramuka a gefen Gaji, motarsu za ku hau da ɗan jagora. Ka kira ka kama ɗaki tun da wuri in ya faɗo hutun makaranta. Ita kuma 'yar tamu ka ce mata ta kwanta da wuri, wajen ƙarfe huɗu na asuba ne nake cewa na ji shi.